Sauyin yanayi da mu mazauna Legas: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a majalisun Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, musamman in damina ta kankama ko an kwana cikin zafi babu wuta. Wasu da gaske ake yin su, wasu da gatse. Duk an amsa su a nan.

Wai mutanenmu sun yarda da sauyin yanayi kuwa?

Ya danganta da yadda ka yi tambayar. A binciken jin ra'ayi da cibiyar Afrobarometer ta yi a Najeriya a 2022, kusan mutum uku ne kawai cikin goma suka ce sun taɓa jin maganar sauyin yanayi. Wanda ya karanta wannan zai ɗauka mutane ba su san abin da ke faruwa ba.

To amma je ka zauna da mai sayar da albasa a Mile 12, ka tambaye shi yadda damina ta kasance a garinsu bara. Zai ba ka labari tiryan-tiryan: ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke har shukar ta ƙone, aka sake siyan iri, sannan ya dawo a marka kamar da bakin ƙwarya ya kwashe gonakin fadama. Tambayi dattijon da ya shekara talatin a Agege game da hunturu, zai ce maka da can akwai lokacin da ake neman bargo a Ikko, yanzu wata shekarar hazon bai fi na 'yan kwanaki ba. Waɗannan mutane ba sa jayayya cewa abubuwa sun canza, don gani ya kori ji. Abin da ake sa-in-sa a kai shi ne dalilin canjin, da wanda ya kamata ya yi wani abu, da wanda zai biya kuɗin.

Mene ne shi a taƙaice?

Ƙona fetur, dizal, kwal da gas, tare da sare dazuzzuka, na tara wani hayaƙi a sararin sama wanda ke riƙe zafin rana ya hana shi fita. Tun da aka fara manyan masana'antu duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya, kuma 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, kusan kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri, shi ya sa ruwan da a da zai sauka a kwana uku yanzu kan zubo a sa'o'i kaɗan. Ƙanƙarar da ke can ƙuryar arewa da kudancin duniya na narkewa, ruwan teku kuma in ya yi ɗumi yakan kumbura, don haka tekun ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1900 zuwa yau.

Ruwa da zafi ai na Allah ne. Ba shisshigi ba ne a ce mutum ne ya jawo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace fitowa, kuma yawancin masu yin ta da zuciya ɗaya suke yi, don haka ba a amsa ta da raini. Babu musulmin da ke musun cewa komai da ikon Allah yake faruwa. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana sababi. A Suratur Rum, aya ta 41, an faɗa cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya san shekaru bakwai na fari na tafe, bai ce a zauna a jira ba, ya sa aka adana hatsi a zangarniyarsa. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Kuma a gaskiya ba ma yin wannan muhawara a kan wasu abubuwa. Direban tirelar da zai ɗauko tumatir daga Kano yakan yi addu'a kafin ya tashi, amma sai ya duba birki da taya. Ba wanda ya taɓa ce masa imaninsa ya yi rauni. Sai an zo maganar kwata da bola ne ƙaddara ke zama amsa, kuma ina zargin wani lokacin don yashe kwata aiki ne mai wari.

A ganina limamai sun fi kowace hukuma ikon sauya ra'ayi a nan. Huɗuba ɗaya a masallacin Juma'a kan haramcin cutar da maƙwabci ta hanyar toshe masa hanyar ruwa ta fi allunan talla ɗari da aka rubuta da Turanci.

Ambaliyar Legas sauyin yanayi ne, ko dai ƙazanta ce kawai?

Duka biyun, har da ƙari. Legas gari ne da ke kwance tsakanin teku da tafkin da ya ratsa shi, wurare da yawa ba su fi tekun tudu da komai ba. In ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da lokacin da teku ya cika, magudanan ba su da inda za su juye, sai ruwan ya tsaya a titi yana jiran tekun ya ja. Haka aka gani ranar 10 ga Yulin 2011, lokacin da aka wuni ana ruwa mutane fiye da 20 suka rasu, da ranar 3 ga Yulin 2024, da ruwa ya shanye hanya a Iyana Oworo wajen hawa babbar gadar da ake kira Third Mainland, motoci suka tsaya cak.

A kan wannan sai a ɗora aikin hannunmu. An cike fadamun da ke shanye ruwa an yi gidaje, musamman ta wajen Lekki. An yi gini a kan hanyoyin ruwa. Yawan haƙa burtsatse na sa ƙasa na lotsawa a hankali a wasu unguwanni. Garin na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma ba duka ke isa bolar Olusosun da 'yan'uwanta ba. Duk wanda ya zauna a gidan haya a Mushin ko Agege ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya haɗu: ana fara yayyafi za ka ga ana fitowa da bokitan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa yakan tafi da ita, zuwa ƙarƙashin kwalbatin da ke ƙarshen layi, inda ledar fiyawata da robobin lemo za su haɗu su yi toshiya, bayan rabin sa'a ruwan ya dawo tsakar gidan da ya fito, ya shiga ɗakin ƙasa ya jiƙa katifa.

Akwai kuma ambaliyar da ba ta da alaƙa da ruwan da ya sauka a Legas. In madatsar Oyan da ke jihar Ogun ta cika aka buɗe ta, galibi wajen Satumba da Oktoba, kogin Ogun kan tumbatsa ya shiga Isheri, Kara, Owode da kewayen Mile 12, ko da rana ake ƙwallawa. 'Yan kasuwar shanu na Kara sun san wannan fiye da kowa.

Sauyin yanayi ya ƙara wa ruwan ƙarfi ya kuma ɗaga tekun. Wannan ba mu da iko a kansa daga Idi-Araba. Kwalbatin ƙarshen layi kuwa muna da iko a kansa.

Mu baƙi ne, nema muka zo. Me ya shafe mu?

Kalmar "baƙo" ta yi mana illa a wannan fanni. Akwai iyalan Hausawa a Agege da Obalende da kakanninsu a nan aka haife su, amma har yau ana magana kamar gobe za a tattara a koma. Mai wannan tunani ba ya zuwa taron unguwa, ba ya sa baki in za a yashe kwata, kuma in aka zo rabon laifi shi ake fara nunawa.

Bayan haka, mu ne abin ke duka ta gaba da baya. A gida, Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ƙanƙance da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta 2022 ta kashe fiye da 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya yi ɓarna a Mokwa, garin da ke kan hanyar da kayanmu ke bi zuwa Kudu. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wayar wa ake kira a nemi taimako? Ta ɗan'uwan da ke Legas. Yaran da ke sauka daga bayan tirela a kullum suna neman acaɓa ko turin baro, da yawansu gona ce ta kasa riƙe su, ko ta dalilin fari, ko ambaliya, ko rashin tsaro.

A nan kuma, ɗan gwari ya fi kowa sanin zafi. Kwandon tumatir da ya kwana biyu a hanya cikin rana, ya zo ya tarar da titin kasuwa ya cika da ruwa tirela ba ta iya shiga, rabinsa ya zama ruɓaɓɓe kafin a sauke.

Turawa ne suka ɓata duniya. Me ya sa mu za mu sha wahalar gyara?

Maganar na da ƙamshin gaskiya. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Amurka da Turai ne suka tara mafi yawan wanda ke sama tun farko, China ce ke kan gaba a yanzu. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Copenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba su cika a kan lokaci ba. A taron Masar na 2022 aka amince da asusun biyan asara, a na Baku na 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 a shekara nan da 2035, adadin da wakilan Najeriya da na wasu ƙasashe suka ce ya yi kaɗan. Wanda ya ce ana bin su bashi bai yi ƙarya ba.

Amma akwai aiki iri biyu da ake cakuɗawa. Rage hayaƙin duniya, wannan mafi yawansa nauyinsu ne. Kare kai daga ruwan da zai sauka a watan Yuni, wannan namu ne, don ko an biya bashin ko ba a biya ba ruwan zai sauka.

In mutane sun ga canjin da idonsu, me ya sa ba sa motsi?

Dalili uku nake gani, kuma ba ɗaya daga ciki da ke nufin mutane ba su damu ba.

Na farko talauci. Wanda ke lissafin kuɗin haya da na makaranta ba ya da sararin tunanin shekarar 2060.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi ba ni mamaki. A 2024 aka wallafa wani bincike da aka yi a ƙasashe 125, aka tambayi mutane kusan 130,000. Kashi 69 cikin ɗari suka ce a shirye suke su ba da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigarsu don yaƙi da ɗumamar duniya, kashi 89 suka ce gwamnatinsu ta ƙara himma. Da aka tambaye su ko mutum nawa suke jin za su yarda a ƙasarsu, sai suka faɗi adadin da bai kai na gaskiya ba, kusan a ko'ina. Wato kowa na shirye, kowa kuma na zaton shi kaɗai ne. Binciken ya kuma nuna mutanen ƙasashe matalauta masu zafi sun fi na ƙasashe masu arziki nuna wannan shiri. Wannan hali mun san shi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu: kowa na ƙorafin kwatar ƙofar gida a ɗakinsa, ba wanda zai ɗauki shebur don yana ganin sauran za su tsaya kallo. Ranar da mutum biyu suka fara, kafin azahar sun zama takwas.

Na uku rashin yarda da hukuma. Wanda ya biya kuɗin shara wata uku motar ba ta zo ba, ba za ka sake gamsar da shi da wa'azi ba. Zai kira mai kura ya ba shi ɗari biyu, bai kuma tambayi inda za a juye ta ba.

Dokar hana robar tekawe da leda ta yi wani tasiri?

A Janairun 2024 gwamnatin Legas, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta farar robar kumfa da ake zuba abinci a ciki. Daga 1 ga Yulin 2025 aka faɗaɗa dokar zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya, irin su tsinken shan lemo, cokulan roba da leda marar kauri. Ledar fiyawata da gorar ruwa ba sa ciki.

An yi ta ƙorafi da farko, masu abinci suka ce ciniki zai mutu. Bai mutu ba. Robar kumfa ba ta ɓace ɗungurungum ba, amma ta ragu a fili, masu shinkafa da wake suka koma wata roba suka ƙara ɗan kuɗi, wasu masu saye suka fara zuwa da kwanonsu kamar yadda aka saba a da. Abin lura shi ne mutane sun bi don dokar ta hau kan kowa lokaci ɗaya, ba wanda ya ji an ware shi. Haka tsaftar kasuwa ta safiyar Alhamis ta ɗore shekara da shekaru, don ba wanda ke buɗe shago maƙwabcinsa na shara. Da aka rufe Mile 12 na 'yan kwanaki a Oktoban 2023 kan ƙazanta, an ga yadda aka kwashe bolar da ta daɗe tana jiran mai kwashewa. Abin takaici ne sai an sa kwaɗo a ƙofa, amma ya nuna ƙarfin yin aikin na nan.

Gwamnati fa, da gaske take?

Akwai abin yabo, akwai na tambaya. A Nuwamban 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, a watan kuma ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. A Legas jirgin ƙasa mai aiki da lantarki tsakanin Marina da Mile 2 ya fara jigila a 2023, wani jirgin ƙasan kuma da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson hanyar Abeokuta ya san amfaninsa.

A ɗaya ɓangaren, da aka ji sunaye 1,411 a jerin 'yan Najeriya na taron Dubai a 2023, ko da yake gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi, talaka ya ƙara tabbatar wa kansa cewa wannan harka ta yawon manya ce. Kuma mutane na kallon wanda ake karewa da wanda ake kora. An gina katangar dutse mai tsawon kilomita da dama don kare Eko Atlantic da Victoria Island daga teku, alhali masunta na Otodo Gbame rusau aka yi musu a 2016 da 2017. In ana so a yarda da rusau a kan hanyar ruwa, sai an ga katafila ta taɓa katangar mai kuɗi kamar yadda take taɓa rumfar mai shayi.

Ana cewa mu bar gawayi. Da me za mu yi girki?

Tambaya ce mai kyau, Hajiya, kuma babu amsa mai daɗi. Gas ya fi tsafta, ya fi sauƙi ga ido da ƙirji, gawayi kuma daga dazuzzukan da ake ƙararwa yake zuwa. Amma duk lokacin da kuɗin gas ya tashi, gidaje kan ajiye tukunyar su koma kurfoti, ba don sun daina yarda da komai ba. Mai suya da mai gasa masara kuwa ba su da wani zaɓi tukuna. Abin da ake iya yi yanzu shi ne murhu mai tattalin gawayi, da jiƙa wake kafin a ɗora, da rufe tukunya.

Sola ta nuna inda bakin zaren yake. Shekaru ana wa'azin illar hayaƙin janareta ba wanda ya saurara. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗinsa ya ninka, daga baya lita ta haura naira 1,000, sai ga faifan sola a kan rumfunan cajin waya, shagunan aski da rufin masallatai. Ba wanda ya sa shi don ceton duniya. Lissafi aka yi.

'Yan bola-jari suna taimakawa ne ko ɓatawa?

Mafi yawan ƙarfe, gwangwani da robar da ake sake sarrafawa a garin nan ta hannun yaranmu suke bi, waɗanda ke yawo da buhu da ƙugiya tun asuba, ba safar hannu ba takalmin kirki. Aikin muhalli suke yi ba tare da an kira shi da sunan ba. Matsalar ita ce ɓata-garin cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, da masu kurar da ke juye shara a magudana da dare, su suka ja wa sauran baƙin jini da kame. Maganin a hannun dillalan da ke saye yake: rajista, katin shaida, da ƙin karɓar duk ƙarfen da aka san na gwamnati ne.

Da gaske teku zai cinye Legas?

Ba a dare ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne unguwar da a da ruwa ke shiga sau ɗaya a shekaru da yawa ta koma duk damina, gaɓar teku ta ci gaba da zaizayewa kamar yadda Bar Beach ta yi kafin a cike wurin, ruwan rijiya a kusa da gaɓa ya fara gishiri.

Ni shugaban wata 'yar ƙungiya ne a unguwarmu. Daga ina zan fara?

Ranka ya daɗe, fara kafin ruwan Afrilu, kada ka jira Yuni. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a samu yaro mai waya ya karanta wa jama'a abin da ya shafi Legas da garuruwanku na gida. Ku zagaya layinku ku gano kwalbatin da ke fara toshewa, yawanci ɗaya ne ko biyu kuma kowa ya san su. Ku sa rana, a sanar bayan sallar Juma'a, ku gayyaci maƙwabtanku Yarbawa da Ibo ta hannun shugaban unguwa don kada ya zama aikin Hausawa kaɗai. Dattin da aka fitar a kwashe shi a ranar, in aka bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mai da shi. Ku haɗa kuɗin shara wuri ɗaya ku biya kamfanin da LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ta ba layinku, ku riƙe rasit, in motar ba ta zo ba ku je ofishinsu ku goma da takarda a hannu.

Masu kaya a ƙasa, buhunan shinkafa ko albasa, su ɗora a kan katako tun yanzu. Mazauna bakin kogin Ogun su kasa kunne ga sanarwar buɗe madatsar Oyan daga watan Agusta. In ruwa ya shiga gida, a kashe wuta daga mita kafin a taka shi, kuma a tafasa ruwan sha na kwanakin da suka biyo baya, don a Yunin 2024 amai da gudawa ya ɓarke a Legas ana tsakiyar damina.